Inji na Biyu: Abin da Maigatari Za Ta Iya Yi wa Masu Fito

Babu kogi a Maigatari. Ko ka tashi daga Gumel ka miƙa arewa har bakin iyaka, ko ka karkata zuwa Sule Tankarkar, abin da ido zai gani shi ne jigawa da gawo da aduwa, da gonakin gero da riɗi da zoɓo. Ruwan da ya fi girma a wannan yanki shi ne kududdufin da damina ta bari, wanda kafin sanyi ya wuce ya ƙafe. Saboda haka na san irin murmushin da wasu za su yi idan na ce Yankin Ciniki Maras Shinge na Maigatari, wanda aka ba wa lasisi tun shekarar 2000 a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ya kamata ya zama wurin harhaɗa injinan jirgin ruwa. Su yi murmushinsu, amma su karanta zuwa ƙarshe.

Magana biyu nake son kafawa. Ta farko ita ce, duk jirgin fito da ke ɗaukar mutane da injin fetur guda ɗaya tak, wanda idan injin ya mutu a tsakiyar ruwa ba abin da ya rage sai gwangwala da filafili da salati, bai cancanci izinin aiki ba. Ta biyu kuwa, abin da ya dace ya zauna kusa da wannan injin shi ne wani ƙaramin inji mai aiki da batir, kuma a nan gida ya kamata a harhaɗa shi, tare da irin jirgin da ya fi dacewa da shi.

Mun riga mun haddace abin da ke biyo bayan kifewar jirgi. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ya dare a ruwan Neja kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski a Kebbi, da mutum fiye da 150 a cikinsa, kuma kaɗan ne suka fita da rai. Ranar 30 ga Nuwamban wannan shekarar wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Kano, aka rasa aƙalla mutum 29, akasarinsu yara ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A kowane karo tsarin ɗaya ne: ta'aziyya, kwamiti, umarnin hana tafiyar dare, rabon rigunan ruwa a gaban masu ɗaukar hoto, wani lokaci da alƙawarin sayo sababbin jirage. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda hedikwatarta ke Lokoja, takan sake nanata dokokinta. Bayan mako biyu sai labarin ya kwanta, masu fito su koma bakin ruwa da jiragen jiya, domin mutanen Badau ko na ƙauyukan Guri da Kirikasamma ba su da wata hanyar zuwa kasuwa da asibiti. Ban raina rigar ruwa ba, tana ceton rai. Sai dai aikinta yana farawa ne bayan mutum ya riga ya faɗa ruwa, ni kuwa tambayata a kan minti goman da ke gabanin faɗawar take.

Mai karatu da ya san harkar zai tare ni nan take, ya ce ai lodi ne ke kashe mutane, da ruɓaɓɓen katako, da kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, inji bai shigo ciki ba. Gaskiya ne cewa lodi shi ne kan gaba, kuma babu batirin da zai ceci kwale-kwalen da aka ɗora wa ninki biyu na abin da zai iya ɗauka. Zan dawo kan lodi, domin siffar jirgin da nake ba da shawara tana da amsa a kansa. Amma a tambayi kowane mai fito abin da ke faruwa idan inji ya ɗauke. Jirgin da ke tafiya yana fuskantar igiyar ruwa da goshinsa. Da zarar ya tsaya, iska takan juya shi ya ba ruwa gefensa, igiya ta fara dukansa a inda ya fi rauni, matuƙi ya sunkuya yana jan igiyar tada inji maimakon ya lura da gaba, fasinja su firgita su miƙe tsaye, nauyi ya koma gefe ɗaya. Jirgin da ya cika lodi yana iya ƙetarewa sau ɗari lafiya muddin yana tafiya. Ranar da ya tsaya cak a tsakiya ita ce ranar da lodin ke karɓar bashinsa. Dalilan mutuwar inji kuma ba su da iyaka a wurinmu: fetur ɗin bumburutu da aka gauraya, ruwa a cikin tanki, fulogi da ya yi baƙi, igiyar tadawa da ta tsinke, ko ciyawa da ta naɗe farfela. A dausayin Haɗejiya da Nguru, inda kacalla ta mamaye hanyoyin ruwa tun bayan da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya yadda ruwa ke sauka, wannan na ƙarshen abin yau da kullum ne.

Masu tuƙin teku sun daɗe da warware wannan. Ba a yarda rayuwar mutane ta rataya a kan abu ɗaya wanda idan ya lalace shi ke nan. Kuma na biyun dole ya kasance ba ya kamuwa da cutar na farkon. Wannan ne ya sa ƙaramin injin fetur na biyu bai gamsar da ni ba: daga jarka ɗaya za a zuba musu mai, kuma injin da ya yi wata uku a rataye ba a tada shi ba, ranar da ake buƙatarsa ne kafireto zai toshe. Injin lantarki ba ya shan mai, ba shi da fulogi, ba a jan igiya. Ana murɗa hannu ya kama nan take, gaba ko baya.

Akwai masu ganin injin batir abin wasan yara ne, sabon yayi daga Turai. Tarihi bai goyi bayansu ba. Injin rataye na farko da aka ɗaura a bayan jirgi na lantarki ne, wanda Gustave Trouvé ya gwada a kogin Sen na birnin Faris a 1881, kusan shekara talatin kafin Ole Evinrude ya fito da nasa na fetur a Amurka. A tafkin Königssee na Jamus jiragen lantarki ke ɗaukar fasinja tun 1909. A Amurka kuwa, inda jirgin dandamali ya fi yawa, masu kamun kifi suna ɗaura ƙaramin injin batir kusa da babban injin fetur tun bayan da aka fara ƙera na Minn Kota a 1934. Abin da ya hana lantarki cin kasuwa shekara ɗari shi ne nauyin batir, kuma yana da kyau a fahimci wannan sosai, domin a nan ne masu kambama lantarki da masu raina shi duka suke ɓata lissafi.

Mu yi lissafin da yunit, irin wanda mitar KEDCO ke cinyewa a gida. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9. Batirin litiyam irin wanda ake sayarwa don inbata a Kano, mai bolt 48, yana ɗaukar kusan yunit 5, kuma nauyinsa ya kusa kilo 50. Wato buhun siminti guda na batir bai riƙe ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ba. Wanda ya tsaya nan zai ce magana ta ƙare. Amma abu biyu ke sauya hukuncin. Na farko, injin fetur mai bugu biyu, irin Yamaha Enduro da ya cika mashigunmu, yana zubar da mafi yawan ƙarfin man a zafi da hayaƙi, har wani kaso na man yana fita ta salansa ba tare da ya ƙone ba, ya bi ruwan da ake sha ake kuma kamun kifi a ciki. Injin lantarki kuwa yana iya isar da kusan rabin abin da ke cikin batir zuwa tura jirgi. Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci, ruwa yana tsananta haraji a kan mai sauri. Jirgin da ke ratsa ruwa da cikinsa, idan ana son ninka saurinsa sau biyu, sai an ba shi ƙarfi kusan ninki takwas. Juya wannan ta ɗaya gefen: wanda ya yarda ya yi tafiyar mai sassarfa, ƙarfi kaɗan yake buƙata. Inji mai kilowat 3, wato daidai da ƙaramin injin fetur mai doki shida, yana iya tura jirgi mai nauyin tan 3 a ruwa kwantacce da saurin kilomita 6 a awa. Mashigi mai faɗin kilomita 3 zai ci rabin awa da yunit ɗaya da rabi. Batirin nan mai nauyin buhun siminti zai yi wannan ƙetarawar sau uku. Enduro mai doki 40 kuwa, idan aka buɗe masa wuta duka, yana shan kusan lita 20 a awa.

Wannan lissafin shi ne kuma amsata ga ɗaya ɓangaren, masu taron bita a otal-otal na Abuja da ke son a jefar da injin fetur gaba ɗaya a koma lantarki zalla. Suna kawo misalin Ampere, jirgin fiton motoci na ƙasar Norwe da ya fara aiki da batir a 2015, da shirin Omi Eko na jiragen lantarki a Legas. Waɗannan ayyuka ne na biliyoyi, masu manyan tashoshin caji a kan layin wuta. Mashigin da ke bayan Auyo ko Miga ba shi da wannan, kuma ba zai samu ba a shekara goma masu zuwa. Sannan akwai ranakun da sauri shi ne rai: mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, yaron da maciji ya sara, hadarin da ya taso daga gabas ana tsakiyar ruwa, ko ambaliya irin ta 2022 da ta raba garuruwan Jigawa da hanyoyinsu, lokacin da ruwa ke gudu da ƙarfin da kilowat 3 ba zai iya haurawa ba. A irin waɗannan ranaku doki 40 ake so, kuma fetur ne kaɗai ke ba da shi a nauyin da jirgi zai ɗauka. Wanda ya ce a cire injin fetur daga jirgin ƙauye don a burge masu ba da tallafi, da rayuwar wasu yake ado. A bar kowane inji a aikin da ya iya: fetur ga nisa da gaggawa da ruwa mai gudu, lantarki ga tashi daga gaɓa, da shiga cikin ciyawa a hankali, da ƙetarawar yau da kullum idan ruwa ya kwanta, da kuma ranar da babban ya ƙi tashi. Ko a ruwa mai gudu, ƙaramin injin da ba zai iya haurawa ba yana iya riƙe goshin jirgi ya karkata shi zuwa gaɓa, kuma sau da yawa wannan kaɗai ake nema.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Indiya. A jihar Kerala, jirgin Aditya ya fara fito tsakanin Vaikom da Thavanakkadavu a Janairun 2017, yana ɗaukar mutum 75, da faifan sola a rufinsa, a mashigin da bai kai kilomita 3 ba. Gajeren mashigi, ruwa kwantacce, rana mai yawa. Duk wanda ya san Watari ko Tiga ko tafkin Nguru zai gane hoton.

Yanzu ga jirgin kansa. Abin da Turawa ke kira fantun dandamali ne shimfiɗaɗɗe da aka ɗora a kan dogayen tuluna biyu rufaffu, galibi na alminiyam. Wani manomi a Minnesota mai suna Ambrose Weeres ne ya fara ƙera shi don sayarwa a farkon shekarun 1950, da gangunan ƙarfe da ya jera ya haɗa da walda. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin masunci a kan gorarsa: iska ce a rufe take ɗauke da nauyi. Fa'idarsa a kan kwale-kwalen katako a bayyane take. Ba ya cika da ruwa idan igiya ta fantsamo, domin ba shi da cikin da ruwa zai taru. Yana da faɗi, yana ɗaukar babur da buhuna da awaki ba tare da an ɗora su a kan cinyar mutane ba. Ba ya nutsewa da zurfi, don haka yana bin ruwa maras zurfi. Yana da wurin da za a kafa inji biyu gefe da gefe, da wurin ajiye batir a tsakiya, da rufin da zai ɗauki faifan sola. Faifai huɗu masu wat 550 a ƙarƙashin ranar arewacin Jigawa suna iya tara yunit 9 zuwa 10 a yini, wato cikin batirin nan har sau biyu.

Sai dai jirgin dandamali yana da mugun hali guda, kuma duk mai tallata shi da ya ɓoye wannan maƙaryaci ne. Tulu zagayayye ne. Daga ƙasa zuwa tsakiyarsa, duk ƙarin nutsewa yana ƙara masa ƙarfin ɗauka, domin faɗinsa na ƙaruwa. Da ya wuce tsakiya sai faɗin ya fara raguwa, kowane ƙarin nauyi ya riƙa nutsar da shi fiye da na baya. Idan aka loda jirgi har tulunan suka wuce rabi, sannan mutane suka taru a gefe ɗaya, tulun wannan gefen yakan shige ruwa gaba ɗaya, jirgin ya kife farat ɗaya ba gargaɗi. Haka ya faru da Lady D, jirgin fito na dandamali a tashar Baltimo ta Amurka, ranar 6 ga Maris 2004: iska mai ƙarfi ta buge shi da mutum 25 a ciki, biyar suka mutu. Bincike ya gano cewa an ƙayyade yawan fasinjansa ne bisa tsohon ƙiyasin cewa kowane mutum fam 140 ne, kimanin kilo 64, alhali mutanen da ke ciki sun fi haka nauyi. Daga baya hukumar tsaron gaɓar Amurka ta ɗaga ƙiyasin zuwa fam 185. Idan ƙasar da ke auna komai ta yi wannan kuskure, mu da muke ƙirga mutum mu manta da buhun masararsa fa?

Amma a cikin wannan aibin ne maganin lodi yake. Tulu mai faɗin santimita 70 da tsawon mita 8 yana ɗauke da tan 3 kafin ya nutse duka. Biyu tan 6. Rabinsu tan 3, kuma wannan shi ne iyakar nauyin jirgi da injinansa da batir da mutane da kaya. A ja jan layi da fenti a tsakiyar kowane tulu. Idan ruwa ya taɓa layin, jirgi ya cika. Ba sai an jira jami'i daga Lokoja ba, tsohuwar da ke tsaye a gaɓa tana gani da idonta, tana kuma iya cewa ba za ta shiga ba. Ingila ta tilasta irin wannan layin a jikin jiragen ruwanta tun 1876, bayan gwagwarmayar ɗan majalisa Samuel Plimsoll da masu jiragen da ke loda su fiye da kima. A jikin kwale-kwale, inda tazarar baki da ruwa ba ta wuce tafin hannu ba, layin yana da wuyar karantawa. A jikin tulu kuwa ko yaro zai karanta shi.

Lodi kuma yana da uwa, ita ce kuɗin mai. Ba cire tallafin fetur na 29 ga Mayun 2023 ne ya haife shi ba, tunda Wara da Bagwai sun riga shi. Amma lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, mai fito ya samu kansa tsakanin ƙara kuɗin da talaka ba zai iya biya ba da ƙara mutanen da jirgi ba zai iya ɗauka ba. Mun san wanda ya zaɓa. Matuƙin da ƙetarawarsa ta safe ba ta ci masa ko lita ɗaya ba yana iya tashi da mutum goma sha biyar bai yi asara ba. Wa'azi ga mai fito a kan haɗarin lodi, alhali ba a taɓa lissafin da ke tura shi ba, zuba ruwa ne a kwando.

Akwai tarko a nan wanda dole doka ta toshe. Idan matuƙi ya ɗanɗana tafiya kyauta, zai tatse batirin har ƙasa, ranar da babban inji ya mutu a tarar na biyun ma fanko ne. Saboda haka dole a saita na'urar batir ta riƙe kashi ɗaya cikin uku wanda ba ya buɗuwa sai da maɓalli na musamman. Sauran ƙa'idojin aikin makanike ne, amma kowace tana da dalili. Batirin ya zama nasa daban, kada ya haɗa waya da komai na babban inji. Ɗan wutar da injin rataye ke bayarwa ba ta wuce ta kunna fitila ba, kada wani ya yaudare ka cewa za ta cika batir. A yi amfani da bolt 48, domin kilowat 3 a kansa amfiya 60 da 'yan kai ne, alhali a kan bolt 12 amfiya 250 ne, wanda zai narka duk wayar da ba ta kai kaurin yatsa ba. A sa fis dab da batir. A ajiye shi a akwati rufaffe a tsakiyar dandamali, cikin inuwa, nesa da tankin mai, domin tururin fetur da tartsatsi ba sa zama ɗaki ɗaya. A zaɓi litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ya fi sauran jure zafi da wuyar kamawa da wuta. Batirin mota mai ruwa ya fi araha, amma ya ninka nauyi kuma rabin cajinsa kaɗai ake mora. Ƙafar injin ta yi tsawon da farfela za ta zauna cikin ruwa ko da goshin jirgi ya sunkuya, kuma ta zama mai ɗaguwa da hannu ɗaya don a cire ciyawa. Rufin sola ya zauna ƙasa-ƙasa, gefensa a buɗe, domin jirgin dandamali dama iska na wasa da shi, kuma guguwar farkon damina ba ta sallama. A ƙarshe a cire nauyin batir da faifai daga adadin fasinja, a rubuta sabon adadin a jikin jirgi.

Saura kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan duk wata adawa ta gaskiya. Injin Torqeedo na Jamus ko ePropulsion na Sin, idan aka sayo shi a kammale aka biya kuɗin fito da na kwastan, ya fi ƙarfin mai fito nesa ba kusa ba. Kamfanin Asobo a garin Mbita na Kenya, a bakin tafkin Biktoriya, ya bi ta wata hanya: bai sayar wa masunta inji ba, haya ya riƙa ba su, batir nasa ne, shi ya riƙa caji da sola da gyara, masunci kuma ya riƙa biya daga kuɗin da da zai kai gidan mai. Wannan tsarin ba baƙo ba ne ga mutanen da suka san yadda ake ba da adaidaita sahu a biya kullum. Yana kuma magance sata, tunda batir a rumfar caji yake kwana, ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa da ƙungiyar masu fito.

To me ya kawo Maigatari? Injin rataye na lantarki ba abin al'ajabi ba ne: mota ce maras burushi, da na'urar sarrafa ta, da ƙafa, da farfela, da batir. Ƙwayoyin batir da motar da na'urar dole a shigo da su. Akwati da ƙafa da wayoyi da haɗa ƙwayoyi da walda tuluna da shimfiɗa dandamali kuwa aikin hannu ne da matasanmu za su iya, kuma Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da ta Binyaminu Usman a Haɗejiya suna yaye masu neman irinsa kowace shekara. Dokar NEPZA ta 1992 ta ba kamfanin da ke cikin yanki maras shinge damar shigo da kayan aiki da na haɗi ba tare da harajin kwastan ba, kuma wannan ita ce fa'idar da Ƙofar Ruwa da Sabon Gari na Kano, duk da gwanintar makanikansu, ba su da ita. Fiye da shekara ashirin gwamnatoci suna zuwa suna alƙawarin farfaɗo da yankin, ana jiran babban mai zuba jari da zai sauko da masana'anta sukutum. Ana tara riɗi da zoɓo a fitar da su, ranar Alhamis shanu da raƙuma su cika kasuwa, amma kusan duk abin da ke wucewa ta Maigatari yadda ya shigo haka yake fita. Rumfa ɗaya mai ma'aikata talatin da ke haɗa batir da mota ta fi katafaren gini da babu kowa a ciki.

Ba na cewa jiragen fito kaɗai za su riƙe masana'anta. Ba su da yawan haka. Amma batirin nan mai bolt 48 shi ne dai wanda manomin rani ke nema tun da ya fara sauya injin ban-ruwa na fetur da na sola, shi ne na mai keken lantarki, shi ne na asibitin ƙauye mai firjin allurar rigakafi. Layin haɗi ɗaya ne zai ciyar da su duka, jirgi reshe ne a jikinsa. Kasuwar kuma tana kusa fiye da yadda taswirar ruwa ke nunawa: titi ya haɗa Gumel da Malam Madori da Haɗejiya, tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Gagarawa, a ƙetaren iyaka kuma akwai tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi da kogin Komadugu a Diffa. Sai dai kada a gina lissafi a kan Nijar. An rufe iyaka a Agustan 2019, Maigatari ba ta buɗe ba sai Disamban 2020 tare da Illela da Seme da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023. Masana'antar da ta dogara da wannan ƙofar za ta riƙa suma duk lokacin da Abuja da Yamai suka ɓata. Kasuwar gida ce tushe, ta ƙetare riba ce idan ta samu.

Hukuncin Kotun Ƙoli na Janairun 2024 ya tabbatar wa gwamnatin tarayya iko a kan hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, don haka sanya inji na biyu da jan layi cikin sharuɗɗan lasisi aikin NIWA ne. Amma gwamnatin Jigawa ba ta buƙatar izinin kowa kafin ta zaɓi mashigai uku, ɗaya a Ringim ko Taura, ɗaya a Auyo, ɗaya a Guri, ta sa jirgin dandamali biyu a kowanne da injinansu biyu da rumfar caji, ta miƙa su haya ga ƙungiyoyin masu fito maimakon kyauta ga 'yan siyasa. A ba kowane matuƙi littafi ya riƙa rubuta litar da ya saya, da yawan ƙetarawa, da duk ranar da babban inji ya mutu da abin da ya kashe shi. A ɗauki ɗaliban Kazaure da Haɗejiya su riƙa duba batir kowane wata, su auna abin da zafin Afrilu ya rage masa. Daga farkon damina zuwa janyewar ruwa a Nuwamba, littattafan nan shida za su nuna girman motar da ta dace da ruwanmu, da irin farfelar da ke jure kacalla, da abin da haya za ta kama a yini, kuma da waɗannan alƙaluma ne za a je wa mai son kafa rumfar farko a Maigatari.